Ni Dai Bangon Zazzau Ya Gama Da Ni

Wanda zai yi gardama ya matso mu yi ta, amma ni a wurina babu fuskar gini a Arewa kaf da ta kama ƙafar ƙofar Fadar Zazzau. Na san Kanawa za su ɗauko Gidan Rumfa, Katsinawa su nuna mini Gobarau, kuma ban raina ko ɗaya ba, Allah ya sani. Sai dai ku 'yan uwana masu wannan cuta ta tsayawa kallon bango har a riƙa yi muku hon, ku faɗi tsakaninku da Allah: in kun baro Samaru, kun wuce Kwangila da PZ, kun ratsa Tudun Wada, kun shiga ta Ƙofar Doka, kuka karya daga Babban Dodo kuka hango wannan ƙofa, me zuciyarku take yi? Tawa dai tsalle take yi, kuma ba ta taɓa sabawa ba.

Bango ne cikakke, ƙasaitacce, mai ƙyalli, mai yawan magana, wanda aka bi shi tun daga gindi har zankwaye ba a bar ko tafin hannu babu zane ba, shuɗi na bin kore, kore na rungumar rawaya, ja na leƙowa ta tsakani, fari kuma na bin gefen kowane layi yana tsare shi don kada launukan su yi faɗa. Tabɗi! Abin da ya fi kashe ni shi ne zanen ba a kwance yake ba, tasowa ya yi daga jikin bangon, yana da tudu da kwari, saboda haka rana ma ma'aikaciya ce a wurin. Da hantsi inuwar kowace murɗiya gajera ce, launi ne ke mulki. In la'asar ta yi sakaliya sai inuwar ta miƙe, kwarin ya yi zurfi, ka ga dagin nan ya fito ɓaro-ɓaro. Ku gwada abu guda: ku zaɓi layi ɗaya a cikin dagi, ku bi shi da ido, ya nutse ƙarƙashin ɗan uwansa, ya ɓullo, ya haye wani, ya zagayo. Ba za ku sami inda ya fara ba, balle inda ya tsaya. Mai hannun da ya yi wannan ya san lissafi, ko da bai taɓa riƙe kamfas ba.

Bangon nan babbar riga ce 'yar Zazzau da aka sa wa gini, irin wadda maɗinkan cikin birni suke cika wa aska da tambari har yadin ya yi nauyi. Ba mamaki, don zanen riga da na hula da na bango da ma adon allon zayyana duk dangin juna ne, hannu ɗaya suke karɓa suna miƙa wa juna. Ranar Hawan Daushe kuwa, in dawakai suka cika filin fada, dogarai da jan kayansu da kore, algaita na tashi, ga bangon a bayansu yana amsa kowane launi, wallahi duk kyamarar da ba ta ɗauko wannan ba ta yi asarar batir.

Amma kada wanda ya zo ya tsaya a ƙofa ya juya. Taku kaɗan ne zuwa Masallacin Juma'a, inda uban tafiyar yake. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da tubali da azara da ƙasa kawai. Daga baya, a shekarun 1970, an rufe tsohon ginin a cikin sabon gini na siminti, shi ya sa baƙo zai iya wucewa bai san abin da ke ciki ba. Can ciki babu shagalin fenti irin na ƙofar fada. Ginshiƙai ne jibga-jibga, masu kauri, masu natsuwa, bakan gizo na tasowa daga jikinsu yana lanƙwasa yana haɗuwa da 'yan uwansa a sama ƙarƙashin tulluwa, zanen jikinsu kuma manya-manya ne, masu zurfi, babu rawar kai. Nan ne na gane cewa ƙofar fada jika ce mai kwalliya, kakan kuwa dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin nan ciki da bai, har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A yi kwafin gininka a wani gari don mutane su je kallo! Zuriyar Babban Gwani kuwa har yau da su ake maganar sarautar magina a Zazzau.

To, yanzu ga inda nake so mu daɗe, don nan ne son ya yi mini yawa. Garuruwan da ke bakin ruwa sukan zana tarihinsu a bango da jiragen ruwa da masunta da ma'aikatan tasha. Zariya ba ta da teku, amma ta yi irin wannan aikin da nata kayan, kuma ba gwamnati ce ta ba da kwangila ba, masu gidaje ne da magina. Ku shiga lungunan cikin birni da Tudun Wada ku duba fuskokin tsofaffin zauruka. A tsakiyar dagi da murɗe-murɗe za ka ga takobi, ka ga bindiga, can kuma sai ga keke, cikakken keke da ƙafafunsa biyu da kan nan nasa, an taso da shi daga jikin yaɓe. Wani gidan mota ce, wani agogo, wani jirgin sama. Kai jama'a! Wannan fa tarihin gari ne a fili, kyauta, babu tikiti. Lokacin da kuɗin auduga da gyaɗa da fatauci suka shigo hannun 'yan kasuwa a tsakiyar ƙarni na 20, mutum ya sayi abin hawansa na farko, sai ya kira magini ya ce a sa masa shi a ƙofar gida, kowa ya gani. Takobin na zamanin yaƙi ne, keken na zamanin kanti, kuma sun zauna a bango ɗaya lafiya lau. Wani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, ya bi gidajen nan shekara da shekaru, ya fitar da littafi guda a kansu a 2007. Mu da muke wucewa ta gabansu a kan acaɓa kullum, mu nawa ne muka taɓa cewa a tsaya?

Aikin kansa abin kallo ne. Magini yana kan tsani, yaro na miƙo masa curin ƙasar da aka kwaɓa ta kwana, ya manna, ya ja da yatsu, ya murza da gefen hannu, layi ya taso a miƙe babu zare babu rula. Wani kuma sai ya jira shafen ya ɗan sha iska, ya kankare zanen a jikinsa tun yana ɗanye. Sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwan sama ya zame ya bar bangon. Marina ta ba da nata, majema ta ba da nata, itacen ɗorawa ya ba da nasa. Da siminti ya zo ma magina ba su tsorata ba, suka karɓe shi suka lulluɓe zanen da shi, suka ɗauko fentin kanti suka ƙara wuta.

Ƙorafina ba ya da yawa amma yana ci mini rai. Gidajen nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Damina ta ci kusurwa, magada su rushe su ɗora bulo, a manna wa fuskar gidan tayil irin na banɗaki, a ce an ci gaba. Wanda ya tsira kuma masu fosta sun same shi. Na ga wani zaure da aka liƙa wa fuskar ɗan takara daidai kan dagin da ke saman ƙofa, da gam, aka zo ɓarewa ya taho da fatar zanen. Haba! Ko fentin da ake sabunta wa wasu bangaye wani lokaci ana zuba shi da kauri har ya cike kwarin, zane ya koma shafaffe.

Masu son mozayik, wato jera gutsattsarin tayil ko gilashi ko dutse su ba da hoto, ku ma gidanku ne nan. Tun da can magina kan kafa tangaran da tasa a tsakiyar rufin soro, inda bakan gizo suka haɗu, su riƙa ɗaukar hasken fitila. Kuma nan Samaru, maƙwabtanmu mu mutanen Bomo, nan ne aka yaye gwanin mozayik na Nijeriya. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa Zaria Art Society a 1958: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu, waɗanda ake wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya, don sun ce ba za su zubar da zanen gida su rungumi na Turawa zalla ba. Grillo, mai shuɗin nan mai sanyi, mai zurfi, mai kwantar da rai, ya koma Legas ya cika coci-coci da gine-ginen gwamnati da gilashi mai launi da mozayik, har da filin jirgin sama na Murtala Muhammed. Ya rasu a 2021. Nwoko kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin gine-gine na Benis da ke Italiya. 'Yan makarantar unguwarmu ke nan!

Shi ya sa duk lokacin da na bi ta tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari nake jin wani abu na tsikarina. Ita ce tasharmu ta ruwa, in za a faɗi gaskiya. Dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefensa da Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani. Daga nan ƙaramin layin Bauchi ya kama hanyar Jos a 1914 don ɗauko kuza, har aka rufe shi a 1957. Daga nan wani layin ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. A birnin Porto na Fotugal, tashar São Bento tana da tayil wajen 20,000 da aka zana tarihin ƙasar a kansu, mutane na shiga ba don tafiya ba, don kallo kawai. Mu da muke da magina jikokin Babban Gwani a cikin birni, ga sashen zane-zane cike da ɗalibai a Samaru, ga fasassun tayil ana zubarwa a kowane wurin gini, me ya hana mu yi wa tasharmu irin wannan bango?

Ni har na gama tsara shi a kaina. Dogon bango guda, dagi ya zagaye shi ta kowane gefe. Daga hagu Dutsen Kufena da ganuwa da Sarauniya Amina a kan doki. Sai ayarin fatake da jakuna, sai kan jirgi baƙi ƙirin yana fitar da hayaƙin farin tangaran, leburori ɗauke da dilolin auduga, mai sayar da Gaskiya Ta Fi Kwabo da damin jarida a hammata, ƙaramin jirgin ɗaliban makarantar tuƙin jirgin sama yana shawagi a sama. A ƙarshen dama kuma, don Allah, a bar mana ɗan wuri a sa tafkin Bomo da fasassun kwalabe kore da shuɗi, da masu noman rani a bakinsa. In an fara tara tayil, ni zan kawo buhun farko.