Tsohuwar Roka: Me Ake Biya Idan An Saye Ta?

Ranar Alhamis, tun kafin rana ta yi zafi, bakin karar Maigatari ya riga ya cika da motoci. Tireloli ne suka fi ɗaukar ido, DAF da MAN da Howo, sun jera suna jiran a kora musu shanun da za su kwana a hanyar Legas da Fatakwal. Can gefe kuma, inda ake sauke tumaki da buhunan gero, ba a rasa wata tsohuwa mai gajeren hanci da faffaɗan goshi, bodinta na katako, fentinta ya sha rana har ya koɗe. Mercedes 911 ke nan, wadda direbobi suka fi sani da Roka. Tun da asuba ta keto rairayi daga ƙauyukan Sule Tankarkar ko na Gagarawa, ta hanyoyin da tirela ba ta ko gwada sa ƙafa.

Shekaru kaɗan baya, kowa ya ɗauka Roka ta gama zamaninta, saura 'yan gwangwan su zo su yanka. Yau labari ya sake. Ana jawo waɗanda suka daɗe a jingine a bayan gareji, a wanke, a fesa musu fenti, a ɗauki hotonsu a sa a Facebook da WhatsApp da farashin da zai sa mutum ya sake dubawa. Komawar nan ga tsofaffin motoci tana da hujja, kuma mai wannan rubutu yana goyon bayanta. Abin da ke damunsa shi ne yadda ake yi musu kuɗi. Mai saye yana biyan fenti da labari, ya bar abubuwan da su ne ainihin motar.

Dalilin komawar ba ɓoyayye ba ne. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da ta Nijar suka ƙuntata. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki tare da Seme da Illela da Mfun. Kasuwa ba ta gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan kuma aka saki naira a watan Yunin 2023: dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar Gumel da ya yi shekaru yana tara kuɗin kan DAF ɗan Beljiyam ya wayi gari kuɗinsa bai kai rabi ba. Dole ya waiwayi abin da ke gida.

Abin da ke gida kuwa ba abin rainawa ba ne. Kamfanin Mercedes ya fara ƙera wannan samfuri mai gajeren hanci a 1959, bai daina ba a Jamus sai 1995, domin ƙasashen Afirka da na Larabawa sun ƙi sakin sa bayan Turai ta daɗe da wuce shi. A Najeriya, Leventis ne ya yi ta shigo da su, sannan masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta fara haɗa manyan motocin Mercedes a 1981, a zamanin da Kano ke da masana'antar Fiat a hanyar Zariya, Bauchi ke da Steyr, Ibadan ke da Leyland. Sauran sun yi wuyar gani a hanya. Mercedes ta rage, har moluwen Legas ma a kan shasinta aka gina su. A Nijar kuwa manyan 'yan uwanta masu taya shida ne suka yi shekaru suna keta Sahara daga Agadas zuwa Dirku.

Sirrinta yana cikin inji. Wanda aka fi samu a cikinta shi ne OM352, wanda ya fito a 1964: silinda 6, lita 5.7, ƙarfin doki kusan 130 idan ba shi da turbo. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da na'urar da za ta kashe shi don wata waya ta tsinke. Famfon gas ne da nozul, sai ƙarfe. Yana jure gas ɗin 'yan bumburutu fiye da sababbin injinan Turai, waɗanda ƙazamin mai ke lalata wa injekta, a kuma rasa mai kwamfutar da zai duba su sai an je Kano. Idan Roka ta tsaya a dajin da ke tsakanin Gumel da Gagarawa, bakanike ɗaya a kan babur da jakar sifana ya isa ya tashe ta kafin magariba. Wannan shi ne babban abin da ake saye.

To amma sai a tsaya a kalli yadda cinikin ke gudana. Dillali ya kai Alhaji gareji da la'asar, motar tana tsaye inji yana ta ruri, an tayar da ita tun azahar. Fenti sabo ne, shuɗi da ja, an rubuta addu'a a goshi, an zana zaki a bayan bodi. Maganar da ba ta taɓa canzawa ita ce, “Alhaji, ba a taɓa buɗe injin nan ba.” Sai a ɗora da “da tsohuwar zuma ake magani”. Alhaji ya zagaya sau biyu, ya bubbuga taya da ƙafa, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama.

Mutumin nan fa, a kara, ba ya sayen bijimi sai ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya duba kofato, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. Abin da ke ba da takaici ke nan. Sanin yana nan a garin, ba a dai ɗauko shi zuwa gareji ba.

Tsohuwar mota da asuba ake ganinta, kafin kowa ya taɓa makulli. Mai saye ya ɗora hannu a kan inji ya tabbatar da sanyi ƙalau yake, sannan a tayar a gabansa. Injin da ya gaji yana jan lokaci kafin ya kama, idan ya kama kuma salansa ce za ta tona shi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta shan baƙin mai, ringi sun tafi. Baƙi wuluk yawanci na nozul ne ko famfo, kuma da sauƙi. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba, sai a buɗe lagireto a ga ko yana kumfa. A cire murfin baƙin mai inji yana aiki: idan yana fesa iska da tururi, maganar “ba a taɓa buɗewa ba” ta zama dalilin rage kuɗi, domin buɗewar ta zo, kuma mai saye ne zai biya.

Duk da haka inji ba shi ne abin tsoro ba. Inji ana gyarawa, ana ma sauya shi ɗungurum. Kayansa na nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Shasi ne ba a sauyawa. Lambar 911 da kanta tana faɗin iyakar motar: tan 9 har da nauyin jikinta, da doki wajen 110 a asali. A nan kuwa an yi shekara talatin ko arba'in ana ɗora mata buhu har sai ya wuce kan direba, an ƙara mata ganyen sifirin don kada ta durƙusa. Sifirin ya ɗauka, amma nauyin a kan shasi ya sauka. Don haka wajibi ne a shimfiɗa buhu a kwanta a ƙarƙashinta da tocila, a goge laka da giris a wurin da sifirin ke riƙe da shasi da kuma bayan kai, a nemi tsaga, a nemi faranti da aka ɗora aka yi wa walda. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. A tsaya daga baya a sa direba ya tafi a hankali. Idan tana tafiya a karkace, gaba na wani layi baya na wani, ta taɓa faɗuwa ko shasin ya murɗe, kuma za ta yi ta cin taya har ta cinye ribar mai ita.

Sai takardu. Lambar da aka buga a jikin shasi ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. A garin da ke bakin iyaka, motar da ba ta da takardar kwastan sahihiya rabin mota ce, komai ƙarfin injinta.

Akwai wani sabon abu da wayar hannu ta kawo. Mai mota ya ga ana tallar irin tasa a Jamus da kuɗin Yuro mai yawa, sai ya ɗauka tasa ma ta zama kayan tarihi. Gaskiya ne Turawa suna neman su. Tun 1997 Jamus ke ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, matuƙar tana nan yadda aka ƙera ta. Amma abin da suke biya daban ne. Yawanci tsofaffin motocin 'yan kwana-kwana ne masu jan taya huɗu, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a inuwa, ba su yi tafiyar kirki ba. A saye su a mai da su ɗakin kwana don yawon buɗe ido. Rokar da ta yi shekaru tana ɗaukar riɗi da zoɓo zuwa Dawanau, injinta na wata motar, ƙofarta ta wata, ba ta cikin wannan lissafi, kuma ba aibi ba ne. Darajarta tana cikin lodin da za ta iya kaiwa gobe.

Ta nan ya kamata a fara lissafi. Roka ta daina zama motar Kudu. Tafiyar da ta haura kilomita 1,000 ta tirela ce, kuma da tsadar gas ta yanzu, wanda lita ta haura naira 1,000 tun 2023, ƙaramin lodi ba ya biyan doguwar hanya. Aikinta shi ne gajeren zango mai wuya: daga gona zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Gujungu ranar Lahadi, zuwa Maigatari ranar Alhamis, zuwa Kano da kaka. A da jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ke kwashe amfanin gonar yankin daga tashar Gagarawa. Yau kusan komai a kan taya yake. Mai saye ya ƙirga kasuwa nawa za ta ci a mako, ya cire gas da juye da taya, ya cire haƙƙin direba da yaran mota, ya ware na gareji, ya kuma tuna cewa daga damina zuwa kaka lodi yana ja baya. Balas ɗin da ya rage shi ne zai faɗa masa shekara nawa motar za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta. Wannan shi ne rufin farashi. Ƙasansa kuma 'yan gwangwan ne suka yanka shi, domin kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun suna saye da kilo. Kuɗin gaskiya yana tsakanin biyun, kuma lafiyar shasi ce ke nuna wane gefe ya fi kusa.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci ceto ba. Wadda shasinta ya karye aka ɗaure, gara a yanka ta, a raba inji da giyabos da aksil ga masu rai. Mayar da irin wannan kan hanya da sabon fenti zalunci ne, musamman da yake a yankin nan mota ba kaya kaɗai take ɗauka ba. Ranar kasuwa mutane ne a saman buhu, wasu a kan sandunan bodi, dabbobi a ƙarƙashinsu. Duk wanda ya sayi Roka ya fara kai ta wurin mai fenti kafin mai birki, da ran waɗannan mutane yake wasa. Kuɗin gyaran birki da sitiyari da fitilu ya kamata a cire shi daga farashi tun a wurin ciniki, a gaban dillali. A ɗaya ɓangaren kuma, abin baƙin ciki ne a ga an sa wuta an yanka mai lafiyayyen shasi don kawai magada suna gaggawar raba gado, alhali ƙaramar cikin waɗanda Jamus ta ƙera ta riga ta kai shekara 30, sabuwa ba za ta zo daga can ba.

Dillalai ma da nasu nauyin. Fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Gumel ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin haja, ya kuma ba mai saye damar mayarwa idan aka ɓoye masa. A kara ana aiki da wannan: dillali ne ke tsaya wa baƙo cewa dabba ba ta sata ba ce. Babu abin da zai hana ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO su sa irin wannan tsari a cinikin manyan motoci, a rubuta aibin da aka sani a takardar ciniki, bakanike ya sa hannu, la'adar dillali ta rataya a kan gaskiyar abin da ya faɗa.

Abu na ƙarshe da ba a sa shi a lissafi shi ne bakaniken kansa. Waɗanda suka san saitin famfon OM352 da kunne, da kafintocin da suka iya ɗora bodin katako ya zauna daram, yawancinsu furfura ta kama su, yara kuma sun fi karkata ga gyaran babur da adaidaita-sahu inda kuɗi ke shigowa kullum. Kafin Alhaji ya ce ya saya, ya kamata ya san sunan wanda zai riƙa duba masa motar, a wane gari yake, da kuma ko akwai yaro a ƙarƙashinsa da ke koyo. Idan amsar ita ce sai an jawo ta zuwa Kano duk lokacin da famfo ya yi gardama, to a rage wannan ma daga kuɗin.