Kalmar "Nerd": Yabo Ce ko Zagi?

Idan kana yawan kallon finafinan Amurka, ka san shi tun kafin ya buɗe baki. Tabarau mai kauri, wando an ja shi har ƙirji, lissafi kamar ruwa, amma da mace ta gaishe shi sai ya rikice. Shi ne Turawa ke kira "nerd". Yanzu kalmar ta shigo bakin matasanmu a soshiyal midiya, har wasu na saka ta a bayanin kansu da alfahari. To kafin ka ɗauka, ya kamata ka san kayan da ke cikin buhun.

An fara ganin kalmar a rubuce a 1950, a littafin yara na Dr. Seuss mai suna If I Ran the Zoo, inda take sunan wata halitta ta ƙage. A 1951 mujallar Newsweek ta ruwaito cewa a birnin Detroit ana kiran mutum da ita idan bai waye ba, ba ya burge kowa. Ka lura, a lokacin babu maganar ƙwaƙwalwa a ciki. Zagi ne kawai. Daga baya ne aka liƙa ta ga mai son karatu, musamman ta hanyar talabijin da fim: shirin Happy Days a shekarun 1970, fim ɗin Revenge of the Nerds a 1984, sai The Big Bang Theory daga 2007 zuwa 2019.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a yaba masa. Masu shirin sun ɗauki masanin fiziks David Saltzberg na jami'ar UCLA yana duba lissafin da ake rubutawa a allo, kuma Mayim Bialik da ta fito a matsayin Amy tana da digirin dakta na gaske a ilimin ƙwaƙwalwa. Sun girmama kimiyyar. Masu kimiyyar ne ba su girmama ba. Saurari inda dariya ke tashi. Sau da yawa ba wani abin dariya aka faɗa ba, Sheldon ne kawai ya ambaci wani abu da ya sani, sai ɗaki ya fashe. Raj kuwa ya shafe shekaru a shirin ba ya iya yi wa mace magana sai ya sha giya. Saƙon da ke isa ga mai kallo shi ne: ilimi mai zurfi yana zuwa da nakasu wajen zama da mutane, dole ka zaɓi ɗaya.

Za ka ce ai wasa ne, mene ne a ciki? Akwai abin da bincike ya nuna. A 2009 Sapna Cheryan da abokan aikinta sun shigar da ɗalibai ɗakuna iri biyu. Ɗaya an cika shi da hotunan Star Trek da wasannin bidiyo, ɗayan kuma hotunan yanayi da kayan ofis na yau da kullum. Matan da suka zauna a ɗakin farko sun nuna ƙarancin sha'awar karanta kimiyyar kwamfuta. Ba a taɓa darasin ba fa, ado kawai aka canza. A Amurka, kason mata cikin masu kammala digirin kwamfuta ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari a tsakiyar shekarun 1980, sannan ya sauko ƙasa da kashi 20. Dalilan suna da yawa, amma hoton "wanda ya dace da kwamfuta" yana cikin waɗanda masu bincike ke nunawa.

Ga kuma babbar matsalar: hoton ƙarya ne game da yadda ake yin kimiyya. Haziƙi shi kaɗai a ɗaki, ba ya jituwa da kowa, wannan labarin fim ne. Takardar da aka wallafa a 2015 kan nauyin ƙwayar Higgs tana ɗauke da sunayen marubuta sama da 5,000. Mai bincike yana koyarwa, yana neman tallafin kuɗi, yana kare aikinsa a gaban jama'a. Wanda bai iya hulɗa da mutane ba zai sha wuya a ɗakin gwaji.

Gaskiya ne kalmar ta yi laushi tun da irin su Bill Gates suka yi kuɗi. Amma duba abin da ya wanke ta: dukiya ce, ba ilimin ba. Yaron da ke son ƙwari ko taurari, ba shi da kamfani, har yanzu shi ake wa dariya a aji.

A jami'o'in Najeriya ma akwai "efiko", mai irin wannan ɗanɗanon na yabo haɗe da tsokana. Hausa kuwa tana da haziƙi, gwani, masani, kuma babu ɗaya cikinsu da ke nufin mutum bai iya gaisuwa ba. Don haka idan kana son kiran kanka "nerd", ba laifi. Amma idan ƙanwarka ta ce tana son fiziks, kira ta haziƙa. Yara suna auna kansu da sunan da aka ba su.