Jinjina ga Masu Ceto Waƙoƙin Prince

Da Prince ya rasu a 2016, ya bar ɗakin ajiya a gidansa na Paisley Park maƙil da waƙoƙin da ba a taɓa ji ba. Tef ɗin waƙoƙin kuwa danshi da shekaru na cinye shi. Injiniyoyin da suka kwafe waƙoƙin zuwa kwamfuta, suka gyara sautin ba tare da sauya muryarsa ba, sun cancanci jinjina. Su suka sa muka ji kundin Piano & a Microphone 1983 a 2018, shi kaɗai da fiyano. Wasu na cewa bai bar wasiyya ba, bai kuma amince a saki waƙoƙin ba. Gaskiya ne, amma alhakin zaɓen abin da za a saki yana wuyan magada da kamfanoni. Injiniya dai hana tef lalacewa ya yi.