Gwanin Wayarin da Hon ɗin Tsohuwar Land Cruiser

A duk kayan da ke jikin tsohuwar Land Cruiser babu wanda aka raina kamar hon. Direba zai zaunar da kai ya yi ta ba ka labarin injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, har ka ƙosa. Zai yabi giya, ya yabi sifirin. Hon kuwa ba ya zuwa bakinsa sai ranar da ya danna ya ji tsit, ga garken shanu ya cika hanya ko yaro ya ɓullo daga lungu ranar kasuwa. Daga nan yawancin mutane sai su miƙe Ƙofar Ruwa, in a Kano suke, su sayo sabo a ɗaura. A danna, shiru. Kuɗi sun tafi, tsohon hon da ba shi da laifin komai yana kwance a ƙasa. Gwanin wayarin ba ya farawa daga nan, kuma abin da ya sa ba ya farawa daga nan shi ne dukan gwanintar.

Hon ɗin kansa abu ne mai sauƙin gaske, tsarinsa bai canza sosai ba tun da kamfanin Bosch na Jamus ya fara sayar da irinsa a 1921. A cikin gwangwanin akwai naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta. Maganaɗisun ya jawo wani dunƙulen ƙarfe da ke manne da faifai siriri, mai ɗamewa kamar fatar kalangu. A wannan jan da ya yi sai ya raba waɗansu 'yan bakunan ƙarfe biyu da wutar ke ratsawa, wuta ta yanke, maganaɗisu ya saki, faifai ya koma mazauninsa, bakunan su sake haɗewa, wuta ta dawo. Wannan kai da komo yana faruwa sau ɗari huɗu zuwa ɗari biyar a daƙiƙa guda, shi ne ƙarar da kunne ke ji. Motoci da yawa guda biyu ake sa musu, ɗaya mai siririyar murya an buga masa harafin H, ɗaya mai kauri an buga masa L. Idan ɗaya ya mutu motar ba ta yin shiru, sai dai ta koma kuka kamar ta roƙo, kuma mai wayarin da ya san aikinsa tun daga bakin gareji yake gane wanne ne ya tafi.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne yadda aka ja wayar. Hankali zai ba ka cewa maɓallin da ke tsakiyar sitiyari shi ke aika wuta zuwa hon. A yawancin tsofaffin motocin nan ba haka ba ne. Wuta tana zaune a jikin hon dare da rana, ko an zare makulli, tana jiran hanyar komawa batir. Maɓallin ba ya kawo komai, hanya kawai yake buɗewa: ya haɗa waya da ƙarfen sitiyari, ƙarfen sitiyari ya miƙa wa sandarsa, sanda ta miƙa wa shasi, shasi ya mayar wa batir. Wannan hanyar komawa ita masu sana'ar ke kira at. A motar da ta shekara talatin tana shan ƙurar hunturu da taɓon damina, rabin hanyar da wutar hon ke bi ba waya ba ce, ƙarfe ne mai tsatsa da noti da giris da ya bushe. Nan laifin ya fi yawan ɓuya.

Shi ya sa gwani ke fara aiki da baki da kunne kafin ya taɓa sifana. "Alhaji, lokaci guda ya ɗauke ko sai da ya fara shaƙewa?" "Yana yi in ka karya kwana?" "An wanke inji kwanan nan?" Kowace amsa tana rufe wata ƙofa. Wanda ya fara shaƙewa sannan ya mutu, ana zargin ƙura ko ruwa a cikinsa, ko wutar da ke isa gare shi ta ragu. Wanda ke yi idan sitiyari na miƙe, ya ɗauke idan an murɗa, ciwonsa na cikin sitiyarin. Wanda ke kuka shi kaɗai ba a taɓa shi ba, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Sai ya kunna sigina huɗu na gaggawa. Mai mota zai ɗauka ya manta abin da aka kawo masa, amma a tsofaffin Toyota da dama fis ɗaya ne ke ba hon da waɗannan fitilu wuta, an ma rubuta HAZ-HORN a murfin akwatin. In suka kama, fis ya fita daga zargi ba tare da an zare shi ba. Sannan ya ce wa yaronsa, "Kai, danna ka riƙe," shi kuma ya kasa kunne. In motar mai rile ce, wato ɗan makunnin da ke tsakanin maɓalli da hon, kuma ya ji ƙas, to daga sitiyari zuwa rile lafiya lau, sai a nemi matsala daga rile zuwa gaba.

Kayan aikinsa a wannan mataki abin dariya ne in ka gan shi: ƙwan fitila guda da aka haɗa wa waya biyu. Amma ya fi mita faɗin gaskiya a nan, domin mita za ta nuna maka volt 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage, alhali ƙwai sai da wuta ta gaske yake kamawa, ya kuma dushe in ta yi rauni. Yakan kama ƙarfe mai tsabta da waya ɗaya, ya taɓa ƙafafun hon da ɗayar. A tsarin da wuta ke zaune a hon, ƙafa biyun duka ya kamata su haska ƙwan idan ba a danna ba, saboda wutar na ratsa naɗin ta fito ta ɗaya ɓangaren. In ƙafa ɗaya ce kawai ta haska, hanya ta yanke a cikin gwangwanin. In duka biyun sun haska, aka danna maɓalli kuma ba wadda ta dushe, to hon ya kuɓuta, hanyar komawa ce a toshe. Taɓawa biyu, ya raba motar gida biyu ya ajiye rabi.

Aikin sitiyari shi ne inda na fi son tsayawa in yi kallo. Akwai matsala a nan da injiniyoyi suka warware da dabara: sitiyari yana juyawa, waya kuwa ba ta son a yi ta murɗa ta. Sai suka sa zoben tagulla a bayan sitiyarin, suka dasa ɗan tsinken tagulla a jikin abin da ba ya motsi, da ɗan sifirin a bayansa yana tura shi ya riƙa gogar zoben. Duk kwanar da aka karya tsinken yana cinyewa kaɗan. Bayan shekaru sai ya gajarce ya daina kaiwa, ko ya kai a wani gefen zoben ya kasa a wani, wanda shi ne asirin hon ɗin da ke yi a miƙe ya ɗauke a kwana. Kafin gwani ya cire sitiyari sai ya miƙar da tayoyi, ya cire kan batir, ya ja layi da alli ko tsinin ƙusa a kan sanda da sitiyarin domin ya mayar da shi a haƙorin da ya same shi. Ya sassauta babban noti amma bai cire shi duka ba, ya bar shi a kan zare biyu ko uku. Wanda ya taɓa ganin sitiyarin da ya shekara ashirin a cije ya saki lokaci guda ya doki haƙoran mai ja, ba sai an yi masa bayanin wannan notin ba. Sai ya goge zoben da sanfefa mai laushi har tagullar ta fito, ya duba tsinken. In akwai sabo, a sa. In babu, a ƙara masa tsawo da dalma ko a yanko guntun tagulla a gyara bakinsa ya yi santsi. Masu irin waɗannan motoci a Amurka sun shahara da kifa masa kwanson ƙaramin harsashin .22 da aka riga aka harba, wanda ke shiga kansa daidai. Giris kaɗan ake shafawa, domin mai yawa yana tara ƙura ya dawo da ciwon.

Wani lokaci duk wannan lafiya, hon kuma ya ƙi. Sai ka ga ya sunkuya can ƙasa inda sandar sitiyari ke haɗuwa da akwatinta. A waɗansu motocin, irin su Land Cruiser samfurin 40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, akwai faifan roba a mahaɗar domin ya shanye jijjigar hanya. Roba ba ta wuce da wuta, don haka aka ɗora wata 'yar waya da ke tsallake ta. Makaniki ya zo canza robar, ya ga 'yar waya da bai san amfaninta ba, ya yar. Sati guda bayan haka a ce hon ya lalace.

Land Rover tata halayyar daban. Daga Series III ta 1971 har zuwa tsohuwar Defender, a kan sandar sigina ake tura hon, ba a tsakiyar sitiyari ba. Jikinta alminiyon ne, shasinta ƙarfe, kuma inda biyun suka haɗu da danshi wani farin gari yakan fito ya ci at. Sai dai Turawan Ingila sun sauƙaƙa wa mai karatun launi: baƙar waya at ce, shunayya wuta ce da ta bi ta fis, shunayya mai ratsin baƙi kuwa ta hon ce. Wanda ya haddace wannan ba ya farke damin waya.

Idan bincike ya tabbatar hon ɗin ne da kansa, har yanzu gwani bai ce a je kasuwa ba. Yaro na danne da maɓalli, shi kuma ya ƙwanƙwasa gwangwanin da ƙotar sukudireba. In ya yi gyaran murya, bakunan nan biyu ne suka yi datti ko suka manne. A bayan hon akwai ɗan sukuru da ke daidaita su. Ana juya shi kwata ko ƙasa da haka, a danna, a saurara, a sake, har muryar ta fito tas. Mai gaggawa yakan ɗaure shi tamau, bakunan su kasa rabuwa, wuta ta yi ta kwarara har naɗin ya ƙone. Tsofaffin hon da kusoshi aka haɗa su, ana buɗewa a kakkaɓe ƙura, a zura siririyar sanfefa tsakanin bakunan, a yanka sabuwar takardar toshiya daidai kaurin tsohuwar. Wajen mayarwa ma akwai ilimi. Ƙarfen da ke riƙe hon an yi shi ne ya riƙa lanƙwasa kaɗan, kuma in gwangwanin ya jingina da lagireto ko bamba muryar ta mutu rabi. Mai siffar dodon koɗi kuwa bakinsa ƙasa yake kallo, domin ruwan rafi da na wanki ya zube.

Akwai gyaran da ba na yabawa, ko da yake ya cika gari: a jawo waya kai tsaye daga batir, a huda gaban mota a dasa maɓalli. Hon zai yi, gaskiya ne. Amma sau da yawa babu fis a layin, kuma a lokacin da ake bukatar hon hannu tsakiyar sitiyari yake tafiya, ba neman maɓalli kusa da rediyo ba. Haka masu ɗaura hon na iska mai kwamfuresa a kan tsohuwar waya: yana jan wuta ninkin na asali sau da dama, sai da rile da fis nasa da waya mai kauri. Sannan a duba batir nawa ne a motar da yadda aka haɗa su, domin waɗansu Land Cruiser masu dizal da aka shigo da su daga Turai ko Japan volt 24 suke amfani da shi. Hon mai volt 12 ba ya daɗewa a kansu, kuma satar wuta daga batir ɗaya cikin biyun tana kashe su duka a hankali. Motocin da suka zo da jakar iska a sitiyari, daga tsakiyar shekarun 1990, babu tsinke da zobe a cikinsu, naɗaɗɗen kirtanin waya ne, kuma ba a kusantarsa da ƙwan gwaji.

Kafin ya miƙa makulli, gwani yakan tayar da inji, ya kunna manyan fitilu domin wuta ta yi nauyi, ya murɗa sitiyari har ƙarshen dama yana danna hon, ya dawo da shi har ƙarshen hagu yana dannawa. In ya yanke ko sau ɗaya a tsakani, sai ya ce, "Alhaji, ɗan ƙara haƙuri," ya sake neman sifana.