Rausayar Murya a Jawabin Hausa: Tarken Wata Shawara ta Aro

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare wajen horar da ɗalibai muhawara a makarantu, watau wai mai son a ji shi da ƙarfin zuciya sai ya ɗaga murya, ya kuma danna kalmar da yake son ta fito. Asalin shawarar daga littattafan koyon jawabi na Ingilishi ne, kuma a can tana da gindi, domin Ingilishi harshe ne mai danna gaɓa. Kuskuren shi ne ɗauko ta ɗungurungum a ɗora wa Hausa.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama, ko na ƙasa, ko faɗau, kuma tun ƙamusun Bargery na 1934 ake nuna wannan a rubuce. Alal misali, "kuka" na hawaye sautinsa sama-sama ne, "kuka" ta miya kuwa sama-ƙasa ce. Ɗalibin da ya ja gaɓar ƙarshe sama don neman armashi ya mai da bishiya hawaye. Hanyar Bahaushe ta ƙarfafa kalma a nahawu take: ya jawo ta farkon jimla, ya bi ta da "ne" ko "ce". "Audu ne ya zo" ta fi "Audu ya zo" nauyi, ko da a raɗa aka faɗe ta. Haka nan "dai" da "fa" da "kam" suna yin aikin da Bature ke yi da maƙogwaro.

Abin da ya fi muni shi ne ɓarnar da shawarar ke yi wa rausayar murya. Jimlar bayani a Hausa gangarawa take yi; duk sautin saman da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai na farko tsawo. Wannan gangara ita ce kunne ke ji a matsayin tabbaci. In aka tsai da ita, aka ɗaga ƙarshe, "ya tafi" ta koma tambaya. Saboda haka mai muhawarar da ke ta hawa sama yana tsammanin yana kafa hujja, alhali masu sauraro ji suke kamar yana neman a gaskata masa.

Masu wannan koyarwa kuma sun manta da fada. A can sarki ba ya ɗaga murya; sanƙira da maroƙa ke da wannan aiki. Ko Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, duk wanda ya saurari jawabinsa na 1 ga Oktoba, 1960, zai ji cewa a tsanake yake furta kalmomi, yana dakatawa tsakanin jimloli, ga shi kuwa da Ingilishin ma yake magana.