Taliyar Zaɓe Ba Ta Kai Shekara Huɗu

Jama'a, duk sanda zaɓe ya ƙarato, sai mu ga motoci masu baƙin gilashi sun shigo unguwar nan, ana sauke taliya da atamfa da sabulu. Da an rantsar, shi ke nan, sai wata shekara huɗun.

To, mu yi lissafi mana. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Wato ma'aikaci sai ya tara albashin kusan shekara 139 bai ci ko sisi ba, kafin ya sayi fom kawai. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi, ga na daliget, ga na masu gida, ai jari ya zuba, kuma daga kuɗin asibitinmu da makarantunmu zai fanshe. Shi ya sa kujera ta zama sana'a: Abdullahi Adamu da Tanko Al-Makura duk bayan sun bar Gidan Gwamnatin Lafia sun shiga Majalisar Dattawa.

Amma mu ma da namu laifin. Wanda ya karɓi dubu biyar a layin zaɓe, da wane baki zai tambayi ruwan famfo? Kuma ba wai ba mu da ƙarfi ba ne. A 2011 mutanen Nasarawa sun kayar da gwamna mai ci, Aliyu Akwe Doma na PDP, duk da gwamnati na hannunsa.

Saboda haka in sun dawo, mu zaunar da su a ƙofar mai unguwa, kowa ya lissafa abin da ya yi mana tun zuwansa na baya.