Gidajen Da Ba A Furta Ƙauna: Iyali A Finafinan Ƙasar Ailan

A fim ɗin An Cailín Ciúin na 2022 akwai wurin da manomi Seán ya daka wa ƙaramar Cáit tsawa saboda ta ɓace masa da gani a garken shanu. Bai dawo ya ba ta haƙuri ba. Daga baya ya zo wucewa ta ɗakin girki, ya ajiye biskit ƙwaya ɗaya a kan tebur kusa da ita, ya yi ficewarsa. Finafinan iyali na ƙasar Ailan haka suke tafiya: ƙauna tana nan fal a gida, amma da wuya ta fito ta baki.

Daraktan fim ɗin, Colm Bairéad, ya ɗauko labarin ne daga littafin Foster na Claire Keegan. A 1981, Cáit mai shekara 9 tana zaune a gidan da yara suka yi yawa, uba ɗan caca, uwa da tsohon ciki. Sai aka tura ta hutun makaranta wurin 'yar uwar mahaifiyarta, Eibhlín, matar Seán, a yankin Waterford. Bahaushe ba ya buƙatar bayani a nan, riƙo ne, har da zullumin 'yar riƙo da ba ta san ranar da za a zo ɗaukarta ba. Eibhlín ta yi mata wanka, ta taje mata kai a hankali, ta nuna mata hanyar rijiya. Da yarinyar ta yi fitsarin kwance, matar ta ɗora laifin a kan katifa don kada ta ji kunya. Sai wata maƙwabciya mai tsegumi ta fasa ƙwai: kayan da Cáit ta riƙa sawa na ɗan masu gidan ne, wanda ya nutse a ramin kashin shanu. Nan mai kallo zai gane cewa duk wannan lallashi daga zuciyar da ke cikin makoki yake fitowa. Catherine Clinch, wadda ta fito a matsayin Cáit, ta ɗauke fim ɗin da idanu kawai.

Wannan shiru yana da tushe. Tsarin mulkin Ailan na 1937 ya haramta sakin aure, kuma ba a cire haramcin ba sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1995, da ratar ƙuri'u kimanin 9,000. Gidajen wanki na Magdalene, inda ake tsare 'yan matan da aka ce sun zubar da mutuncin dangi, na ƙarshensu bai rufe ba sai 1996. Yawancin masu shirya finafinan nan a irin wannan zamani suka tashi, lokacin da cocin Katolika ke da ta cewa a cikin kowane gida, kowa kuma yana rufin asiri.

Shi ya sa The Snapper na 1993 ya fi ƙarfin abin dariya. Sharon ta yi ciki ba aure, ta ƙi faɗin wanda ya yi shi, unguwa ta ɗauka. Mahaifinta Dessie, wanda Colm Meaney ya fito a matsayinsa, ya yi fushi, ya yi borin kunya, amma bai kore ta ba. Ƙarshenta ma littafin renon ciki ya koma karantawa a ɓoye. A My Left Foot na Jim Sheridan kuwa, na 1989, uwa ce ginshiƙi, ita ce ke tara 'yan kuɗi a ɓoye don saya wa ɗanta Christy Brown keken guragu. Brenda Fricker da Daniel Day-Lewis, waɗanda suka fito a matsayin uwar da ɗan, duk sun ci Oscar da shi.

Abu na biyu da ke yawan dawowa shi ne jirgin ruwa. A shekarun 1950 kimanin mutum 400,000 suka bar ƙasar, don haka girma a waɗannan labarai kusan kullum yana nufin tafiya. A Brooklyn na 2015, Eilis ta bar garin Enniscorthy zuwa Amurka, ta auri Tony a asirce, mutuwar yayarta Rose ta dawo da ita gida, inda wani saurayi ke jira. Ana yawan kallon fim ɗin a matsayin zaɓi tsakanin maza biyu, amma ciwonsa na gaskiya yana wurin uwar da za a bari ita kaɗai. Saoirse Ronan, wadda ta fito a matsayin Eilis, ta fahimci haka, kuma sallamarta da mahaifiyar ta fi duk wani zancen soyayya a fim ɗin taɓa zuciya.

Sing Street na John Carney, 2016, ya kai mu Dublin ta 1985. Conor ya kafa ƙungiyar kiɗa don burge Raphina, ana tsangwamarsa a makaranta kan rashin baƙin takalmi, iyayensa suna rabuwa ba damar saki. Wanda ya rene shi a zahiri shi ne wansa Brendan, wanda ya ba shi fayafayan waƙoƙi, ya kai shi bakin teku, shi kuma ya tsaya a baya. Belfast na Kenneth Branagh ya bi irin wannan hanya daga Arewacin Ailan na 1969, sai dai ya cika zaƙi, har rikicin addinin ya koma kamar ado.

Masana'antar finafinan ƙasar kanta da ƙyar ta miƙe. An rufe hukumar finafinan ƙasar a 1987, sai a 1993 aka farfaɗo da ita lokacin da Michael D. Higgins ke ministan al'adu. An Cailín Ciúin kuwa ya samu kuɗi ne daga shirin Cine4 na tashar TG4 da abokan haɗin gwiwarta, wanda aka ƙirƙira don finafinan harshen gado na ƙasar, harshen da 'yan tsiraru ne ke magana da shi kullum. A 2023 ya zama fim na farko cikin wannan harshe da ya shiga jerin biyar na ƙarshe a gasar Oscar ta finafinan ƙasashen waje.